Azumi Mai Ƙugiya

Ni malamin Hausa ne, shekara goma sha tara ke nan ina koyarwa a sakandare a Dutsin-Ma, kuma mutum ɗaya ne tak ya taɓa mayar mini da takardata an bi ta da jan biro. Ba sufeto ba ne. Azumi ce, mai shagon buga takardu a layin da ɗaliban jami'a ke kai kundinsu na kammala karatu. Na kai mata tambayoyin jarrabawa da na rubuta da hannu a gaggauce. Da na koma karɓa, ta miƙo mini waɗanda ta buga fes, sannan ta haɗo mini da rubutun hannuna an zagaye wuri goma sha ɗaya.

"Malam Siraju, nan ƙafa kake nufi ko kafa? Na ga yaran za su ruɗe, shi ya sa na sa maka ƙugiyar."

Na ji haushi ƙwarai, ban kuma ɓoye ba. Na kwashi aikina na koma wani shago, can kuwa aka share mini ƙugiyoyin kaf, har da waɗanda na tuna na sa. Bayan sati biyu na dawo wurinta da ƙafata. Ba ta ce mini komai ba sai sannu da zuwa, ni kuwa da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Gajeruwar mace ce mai gilashi, ta haura arba'in da kaɗan, 'ya'yanta uku. In tana buga rubutu ba ta kallon yatsunta, za ta iya yi maka faɗa a kan aikin da ka kawo a makare alhali hannunta bai tsaya ba. Wannan tsantseni nata a kan ɗ da ɓ da ƙ gado ne. Mahaifinta, Malam Ummaru na Rawayau, malamin gona ne da ya yi shekara talatin da biyu a kan babur tsakanin Kurfi da Wurma da ƙauyukan da ke kewaye. Duk gonar da ya taka sai ya rubuta ranar, da sunan mai gonar, da abin da ya gani, da abin da ya ce a yi, in ya sake bi kuma ya rubuta abin da ya biyo baya. Littafi talatin da ɗaya ya cika. Tun tana ƙarama take zama gefensa yana rubutu, shi ya koya mata cewa ƙasa daban, kasa daban: ɗaya nomanta ake yi, ɗayar kuwa macijiya ce, kuma ɗan lanƙwasan nan na kan harafi shi ne kawai tsakaninsu a takarda.

Aikin kwamfuta na gaske kuma ba a aji ta koye shi ba. Ɗaliban sashen kwamfuta kan kawo kundinsu da shafuka barjat na umarnin da suka rubuta da yaren Python, ita ce mai bugawa. Da farko kwafa kawai take yi. A hankali ta fara ce wa ɗalibi, "Nan ka buɗe baka ba ka rufe ba." Sai ta sauke yaren a kwamfutarta don ta riƙa gwada ko abin da ta buga yana tashi, saboda ba ta yarda a ce kuskuren daga wurinta ne ba. Shekara bakwai tana haka. Na sha ganin ɗalibi ya shigo da girman kai ya fita yana ce mata Malama.

Bayan girbin bara Malam Ummaru ya faɗi a bakin masallaci. Da aka dawo da shi daga asibiti ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke. Hankalinsa garau, yana ji, yana karatu, amma kalma ba ta fita. Ɗansa Ja'afar, yayan Azumi, mai sayar da hatsi, shi ke fito da shi zaure kullum da la'asar. Mutane ba su daina zuwa ba. Sai dai a da da tambaya ake zuwa, a shigo da ganyen masara da tsutsa ta ci ko zangarniyar gero da ta yi baƙi, a tafi da amsa. Yanzu kuwa a durƙusa, a ce Allah ya ƙara lafiya, a tashi. Littattafan na nan cikin akwatin ƙarfe a bayansa, ba fihirisa, shi kaɗai ya san abin da ke wane shafi, kuma ba ya iya faɗa.

"Dubiya suke zuwa, Malam Siraju," in ji ta wata rana a shago. "Wata shida ba wanda ya tambaye shi ko da farashin iri. Ina kallonsa in sun fita, idonsa na bin hannuwansu ko sun riƙo wani ganye. Wannan ya fi ciwon cin shi. Kafin ruwan shuka sai an tambaye shi, in sha Allahu."

Haka na zama mai karanto mata littattafan tsohon don ta zuba su a kwamfuta. In na tashi daga makaranta in zo in zauna da littafi, ina karantawa tana bugawa, in na yi tuntuɓe a rubutun tsohon ta faɗi kalmar ba tare da ta ɗago ba. Bayani dubu biyu da ɗari shida muka fitar. Na ce ai shi ke nan, a riƙa neman kalma a kwamfuta kamar yadda kowa ke yi. Ta ce ba zai yi ba. Manomi ba ya zuwa da kalmar da ke littafi. Ciyawar nan mai jan fure da ke shanye dawa tun daga saiwa, wani ƙuduji zai ce, wani wuta-wuta, wani kuma cewa kawai zai yi dawarsa ta tsaya ba ta tashi. Abin da ake so shi ne neman ma'ana.

Ta taɓa buga wa wata ɗaliba kundi a kan haka, ta kuma riƙe. Ga yadda ta bayyana mini, ni da ban san komai ba. Akwai wata manhaja da ke karanta magana ta mayar da ita jerin lambobi ɗari uku da tamanin da huɗu. Maganganun da ma'anarsu ta yi kusa, lambobinsu ma kusa suke faɗuwa. Sai kuma rumbun bayanai da ke can a intanet, wanda aikinsa ajiye irin waɗannan lambobi. In tambaya ta zo, ita ma a mayar da ita lambobi, rumbun ya duba su wa ke maƙwabtaka da ita. Kamar layin 'yan hatsi ne a kasuwa, in ji ta, in ka tsaya gaban mai gero, mai dawa ba shi da nisa.

Tsakanin kwamfutarta da rumbun kuma akwai abin da masu aikin ke kira laburare. Ba na littattafai ba ne, ƙunshin umarni ne da masu rumbun suka rubuta don kowa ya sauke ya yi amfani da shi maimakon ya fara daga tushe. Ita ɗan aike take ce masa. Ana ba shi adireshin rumbun, a ba shi makulli, wato wani dogon jerin haruffa na sirri, sannan a gaya masa sunan ɗakin da za a zuba kaya. Ranar da ta fara gwadawa ina zaune. Layi biyar ta rubuta, ta ce wa ɗan aiken ya je ya tambayo ɗakuna nawa ne a rumbun. Muka ɗan jira, sai ga baka biyu a allo, a buɗe a rufe, ba komai a tsakaninsu. Ta tafa hannu.

Na ce, "Malama Azumi, ai ba komai a ciki."

"To mi ka zuba da za ka gani? Ya amsa sallama, shi ne magana."

Ta buɗe ɗaki ta sa masa sunan mahaifinta. Zuba kayan ne ya ɗan ba ta wuya, don da ta ɗora wa ɗan aiken duka a tafiya ɗaya sai sabis ya yanke a hanya, komai ya dawo. Ba ta ko yi tsaki ba. Ta ƙara masa lokacin jira zuwa minti guda, ta kasa kayan hamsin-hamsin, ta ce in ya faɗi ya sake gwadawa sau uku kafin ya kawo mata ƙara. Kowane bayani ta liƙa masa lambar littafi da ta shafi. Kafin azahar an gama. Muka yi ta jefa masa tambayoyi ni da ita, yana kawo amsa daidai, har na fara jin kamar da ni aka ƙera shi. Ta haɗa wani ɗan shafi da ke buɗewa a waya don Ja'afar ya riƙa rubuta tambayar mutane a zaure.

Ranar gwaji muka tafi Rawayau tare. Zauren ya cika, don labari ya bazu cewa Azumi ta sa littattafan Malam a waya. Cikin mutanen akwai Rabo, wani magidanci daga Wurma, wanda gonarsa ta gado ta ba shi kunya bara. Ja'afar ya ce ya faɗi damuwarsa.

"Ƙasar ce ta gaji," in ji Rabo. "Ƙuduji ya cinye mini dawa kakaf. Ban san mi zan shuka bana ba."

Ja'afar ya danna da manyan yatsunsa, ya jira, ya gyara murya ya karanta abin da ya fito da ƙarfi: "Littafi na tara, shafi na arba'in. Kasa ta sari sa a dawa, ƙafar ta kumbura, an kai shi wurin likitan dabbobi a Kurfi."

Wani ne ya fara ƙyalƙyalewa daga baya, sai zauren ya ɗauka. Rabo ma ya yi dariya, yana cewa shi ba shi da sa balle macijiya. Ni kaina sai da na danne tawa. Da na waiwaya sai na ga Malam Ummaru ya juya fuskarsa bango, hannunsa na hagu ya damƙe gefen tabarma. Dariyar ta mutu a cikina, kunya ta rufe ni. Mutane suka lura, suka fara tashi ɗaya-ɗaya, kowa na faɗin Allah ya ƙara lafiya.

A ƙofar gida Ja'afar ya tare ta, ransa a ɓace. "Na hwaɗa miki ki bar tsohon nan shi huta. Ga shi kin tara mishi jama'a sun yi mishi dariya."

"Ba ni wayar, Yaya."

Kallo ɗaya ta yi wa abin da ya rubuta, ta miƙo mini. Ga shi nan: kasa ta gaji kuduji ya cinye dawa. Ba ƙugiya ko ɗaya. A littattafan Malam kuwa, duk inda aka ce ƙasa da ƙugiyarta take, duk inda aka ce kasa macijiya ake nufi. Kalmar kuduji manhajar ba ta taɓa ganinta ba. Ta ga kasa, ta ga dawa, ta tafi daji ta ɗauko maciji. Duk gwajin da muka yi a shago bai nuna wannan ba, saboda ita ce ke bugawa.

"Laihina ne," ta ce, ba rawar murya. "Na gina wa masu ƙugiya, alhali mu biyu ne a ƙasar ga, ni da Baba. Kai ma Malam Siraju rabi ne."

Na haɗiye wannan, na ce to a koya wa Ja'afar sa ƙugiya. Ta ce ko ya koya, gobe wani zai turo tambaya daga ƙauyen Makera a wayar da ba ta da haruffan ma, shi kuma wa zai koya masa? Ja'afar ya ce abu mai sauƙi, a share ƙugiyoyin daga rubutun gaba ɗaya kowa ya huta. Kallon da ta yi masa na san shi, ni ma an taɓa yi mini.

"Rubutun Baba ba mai taɓa shi. Injin zan cire wa, ba shi ba."

Washegari a shago na ga abin da take nufi. Layi shida ta ƙara. Kafin a mayar da kowace magana lambobi, sai a miƙar da haruffan, ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, ɓ ta koma b. Haka za a yi wa bayanan Malam, haka kuma za a yi wa tambayar duk wanda ya zo, ko ya sa ƙugiya ko bai sa ba, domin awon zubawa da na ɗiba su zama da kwano ɗaya. Amma rubutun da zai fito a karanta, asalin na tsohon ne da ƙugiyarsa cif. Ta aiki ɗan aiken ya rushe ɗakin, ya buɗe sabo, ya sake kwasar kayan hamsin-hamsin. Na san abin ya yi mata ciwo. Matar da ta shekara ashirin tana bin mutane da jan biro, yau ita ce ta rubuta umarnin da ke share ƙugiya dubu-dubu cikin ƙiftawar ido.

Sai wani abu ya faɗo mini. Na ce, "To ai yanzu ƙasa da kasa sun zama abu ɗaya a wurinsa."

"Ƙwarai. Sauran kalmomin da ke kewaye za su taimake shi, amma zai riƙa ruɗewa wani lokacin. Shi ya sa uku zai kawo yanzu, ba ɗaya ba. Mai zaɓe na nan zaune a zaure."

A satin nan aka yi yayyafin farko, kowa ya fara fito da iri. Rabo bai da niyyar dawowa, kunyar dariyar da ya yi ta hana shi. Ita da kanta ta rufe shago ta hau kabu-kabu har Wurma, ta same shi a bakin gona. Ban san me ta ce masa ba. Na dai san Azumi, kuma ranar Asabar da la'asar ga Rabo a zaure, ya zauna can nesa kusa da ƙofa. Wannan karon mutum shida ne kawai. Malam Ummaru na jingine da bango, bai ɗago ya dubi kowa ba.

Rabo ya juya wajen Ja'afar da wayarsa zai fara magana, Azumi ta katse shi.

"Ba waya za ka tambaya ba, Malam Rabo. Ga Malam nan."

Ya matso, ya durƙusa a gaban tsohon, ya sake faɗin damuwarsa tun daga farko, a hankali, yadda ake yi a da. Ja'afar ya rubuta, ba ƙugiya kamar kullum. Amsa uku suka fito. Azumi ta hana a karanta da ƙarfi, ta ce lambobin littafi da shafi kawai. Aka buɗe akwatin ƙarfe, aka ciro littafi na sha bakwai da na tara da na sha biyu, aka buɗe kowanne a shafinsa aka jera a gaban Malam. Na tara ɗin macijiyar nan ce ta sake biyowa.

Ya daɗe kafin ya sauke ido. Da ya kai kan na tara sai gefen bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga, ya sa bayan hannu ya ture shi gefe. Na sha bakwai ya karanta har ƙarshe, ya girgiza kai, don gonar fadama ce ake magana a kai. Na sha biyu kuwa ya ɗora yatsa a tsakiyar shafi ya ƙwanƙwasa sau biyu, sannan ya nuna Rabo.

Azumi ta karanta. Watan Yuni na 1996, Wurma, gonar Malam Yazid ta gabas da rijiya. Ƙuduji ya yi yawa, ƙasa ta gaji. An ce ya huta da dawa shekara biyu, ya sa gyaɗa da wake, ya kai takin gida, duk ƙudujin da ya fito a tuge shi kafin ya yi fure a ƙone. A ƙasa da wani biro daban an ƙara: 1998, ya mayar da dawa, ta yi kyau.

Rabo ya matso ya leƙa shafin. Sannan ya ce, "Babana ne. Gonar ga ce, ita ce dai. Ina yaro muka yi tugar nan, ban san dalili ba."

Ya yi tambaya ta biyu, ko waken suya zai iya maye gyaɗa, don irinta ya yi wuya bana. Wannan ba a ko taɓa waya ba, Malam ya gyaɗa kai. Ya yi ta uku. Wani dattijo da ke gefe ya ce shi ma yana da magana a kan masararsa in an gama. Da Rabo ya tashi tafiya na kasa kunne in ji addu'ar nan da aka saba, ban ji ta ba. Cewa ya yi, "Na gode, Malam. In na shuka zan dawo in hwaɗa maka yadda ta yi." Ja'afar ya fita waje da sauri wai zai duba babur, alhali babur lafiyarsa lau.

Da zauren ya rage sai Malam Ummaru ya nuna akwatin, ya nuna jakar Azumi. Ita ta gane. Ta ciro sabon littafi cikin waɗanda take sayarwa a shago, ta rubuta 32 a bangon, ta buɗe shafin farko ta sa masa biro a hannun hagu. Ya ɗauki kusan minti biyar yana fama, harafi na hawa harafi na gangara. Da ya gama ya turo mata. Kalma uku ce: Rabo, Wurma, kuduji. Ya yi ƙoƙarin lanƙwasa kan harafin, ana ganin inda biron ya zame, hannun bai ba shi ba.

Jan bironta na nan saƙale a bakin jaka, ina ganinsa. Ta daɗe tana kallon shafin, har ta cire gilashi ta goge ta mayar. Sannan ta rufe littafin ta ɗora shi a kan sauran.

"Ya yi daidai, Baba," ta ce.